Daga Littafi Zuwa Karta: Wasan Da Ya Kamata Mu Ƙaga Wa Yaran Zamfara

A hutun da ya gabata na je gida Ƙaura Namoda gaishe da iyaye. Wata rana bayan sallar La'asar na bi ta wajen tashar jirgin ƙasa, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tuƙe tun shekarar 1929, sai na tarar da wasu samari biyar a kan tabarma kusa da teburin mai shayi, sun duƙufa a kan irin kartar nan da ake kira Whot. Babu kuɗi a gabansu, nishaɗi kawai suke yi. Abin da ya tsayar da ni shi ne harshen wasan. Hirarsu duka da Zamfarci ce tsantsa, amma da zarar an jefa kati sai ka ji “fik tu”, “janar maket”, “las kat”. A gefe kuma ga ƙanin ɗayansu, yaro ɗan shekara kamar goma sha uku, kwance rigingine da wani littafin yaƙi da bangonsa ya fita, irin waɗanda ake kawowa daga Kano, ko sanin ana wasa bai yi ba. Tsakanin kartar da littafin bai kai taku uku ba. Na tambayi kaina, me ya hana su haɗu?

Na san mai karatu zai ce, Malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Mutanen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura suna kwana da ido ɗaya, manomi bai isa ya shiga gonarsa da kwanciyar hankali ba, kai kuma ka zo mana da zancen karta? Ina roƙon a yi mini haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe, domin a ganina abin da yaro yake wasa da shi a lokacin tashin hankali ya fi cancantar a kula da shi fiye da abin da yake wasa da shi a lokacin zaman lafiya.

Bari mu fara da abin da wasu al'ummu suka yi. A shekarar 1996 marubucin nan na Amurka George R. R. Martin ya fitar da littafi na farko a jerin littattafansa na ƙagaggen labarin sarauta da yaƙi da tsafi, mai suna A Game of Thrones. Shekara shida bayan haka, a 2002, kamfanin Fantasy Flight Games ya mayar da labarin wasan karta, shekara tara kafin a fara nuna shi a talabijin a 2011. Kafin nan, a 1995, an riga an yi wa littattafan J. R. R. Tolkien na Ingila irin wannan aiki, aka sake yi a 2001, aka kuma sake a 2011. Yadda abin yake shi ne, kowane jarumi da ke cikin labarin a ba shi katinsa, ɗauke da sunansa da hotonsa da lambar ƙarfinsa da abin da ya iya wanda saura ba su iya ba. Garuruwa da makamai da aukuwa irin su yunwa ko cin amana, su ma kowanne da katinsa. Mai wasa ya zaɓi gidan sarautar da zai tsaya wa, ya haɗa katunansa, ya fuskanci abokin karawa. A wasan littafin Martin hanyoyin kai hari uku ne, akwai na yaƙi, akwai na makirci, akwai na neman iko, kuma wanda ya fara tara maki 15 na iko shi ya ci. Wanda ya karanta littafin zai gane dalili, domin a labarin masu takobi sun sha faɗuwa a hannun masu raɗa.

Wannan fasaha ta girmi Turawa. A ƙasar Sin, mai zane Chen Hongshou, wanda ya rasu a 1652, ya zana jarumai 40 daga cikin 108 na littafin Shuihu Zhuan a kan katunan wasa. A Japan kuwa har yau ana wani wasa da ake kira karuta, wanda aka gina a kan waƙoƙi 100 na mawaƙa 100 da aka tattara tun ƙarni na 13. Mai karantawa ya rera farkon waƙa, masu wasa su yi rige-rigen cafke katin da ke ɗauke da ƙarshenta, kuma kowane watan Janairu ana gasar ƙasa a kai. Japanawa sun aro kalmar karuta daga Fotugis, kuma da ita da “karta” tamu duk tushensu ɗaya, wato kalmar Latin mai nufin takarda. Su sun zuba adabinsu a cikin takardar. Mu kuwa mun karɓi Whot yadda wani Bature, William Storey, ya ƙaga ta a Ingila a 1935, da taurarinta da da'irorinta, ko kalmomin wasan ba mu fassara ba.

Alhali kuwa kayan aiki ba mu rasa ba. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta ɗana wa juna tarko gari bayan gari, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fara da yaƙin Turawa ya ƙare a ƙasashen aljannu tare da ɗansa Garba Gagare. Daga baya Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi. A zamaninmu kuma ga littattafan yaƙi na adabin kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu fitowa kashi-kashi, cike da sadaukai da bokaye da sarakunan aljannu. Sama da duka akwai Magana Jari Ce, littafi uku a jere, wanda Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, kuma da wuya ka sami ɗan boko a Arewa da bai san Aku da Musa da mugun Waziri ba.

Haka kuma muna da wani abu da masu ƙaga karta a Amurka suke shan wahala kafin su samu, wato kirari. Duk wanda ya nazarci kirari ya san aikinsa shi ne dunƙule mutum ɗungurungum a cikin 'yan kalmomi: sunansa, asalinsa, abin da ake tsoro a gare shi, da wanda ya taɓa kayarwa. Abin da ake bukata a rubuta a fuskar kati ke nan, inda fili bai wuce na jimla biyu ko uku ba. Kuma yankin nan namu gidan wannan fasaha ne. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, nan kusa da Shinkafi, wanda ya wasa doki har sunan dokin ya wanzu bayan mahayinsa. Kassu Zurmi ya shafe rayuwarsa yana wasa mafarauta da 'yan tauri. Jikokin mutanen da suka saurari waɗannan makaɗa ba za su rasa yadda za su taƙaita Ganɗoki a kan kati ba.

To amma a nan ne aikin yake da haɗari, kuma nan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu masu nazarin harshe mun san cewa fassara ba ta tsaya ga kalmomi ba, nahawu ne ke riƙe da ma'ana. Nahawun wasa kuwa shi ne dokokinsa. Mai karanta littafi yana bin marubuci ne, in jarumi ya yi zalunci marubucin na iya nuna masa ƙarshen azzalumi. Mai wasa kuwa shi ne jarumin, kuma abin da doka ta ce a yi a ci wasa shi zai yi ta maimaitawa, sau ɗari, sau dubu, har ya zame masa jiki. Idan doka ta ce wanda ya fi kashewa da kwashe ganima shi ne gwani, to wannan darasi yaro zai ɗauka, ko da an cika bayan katin da wa'azi. Jaruman littafin Shuihu Zhuan da na ambata 'yan fashi ne da suka yi sansani a wani dutse suna bijire wa hukuma, kuma farin jininsu ya kai ga Sarkin Sin ya haramta littafin a 1642, lokacin da 'yan tawaye na gaske suka addabi ƙasarsa.

Mu a Arewacin Zamfara ba sai an ba mu labarin wannan ba. Ka tsayar da yaro a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ka tambaye shi sunayen jagororin 'yan bindigar da ke dazukan yankin, zai jero maka su da laƙabinsu da irin makamansu, kamar mai karanta kati. Ka tambaye shi wace ce 'Yargoje, sarauniyar da ta mulki Zamfara tun kujerar sarauta tana Dutsi a ƙasar Zurmi, sai ya yi shiru. Yaro ba ya zama babu jarumi. In ba a ba shi ba, zai ɗauka daga abin da yake ji ana faɗa da rawar murya. Saboda haka wanda zai ɗauki littattafan yaƙi ya mayar da su karta a wannan ƙasa, ya kwafo tsarin kisa da ganima kai tsaye, ya ƙara wa wuta makamashi ne.

Wasu abokaina da na tattauna da su sun ce, to me zai hana a yi wasan da tarihinmu na gaske? Ga Muhammadu Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin sadaukan da suka ci Alƙalawa a 1808. Ga Yunfa da Bawa Jangwarzo na Gobir. Ga Babari da ya rushe Birnin Zamfara a ƙarni na 18. Marigayi Dokta Garba Nadama ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara, saboda haka madogara tana nan. Ni dai ban goyi bayan wannan ba. Jikokin Alibawa da Gobirawa da Zamfarawa suna zaune unguwa ɗaya, suna auratayya, kuma a daidai lokacin da wasu ke ƙoƙarin shafa wa rikicin yau launin ƙabila, bai kamata a zaunar da yaro Bagobiri da yaro Bafillace a kan tabarma a ce su sake yaƙin Alƙalawa ba. Ban da haka, a wasa kowane kati yana iya faɗuwa, kuma akwai bayin Allah da al'umma ba za ta lamunci a jefa sunansu a ƙasa a ce an cinye su ba. Tarihi a bar shi a aji, inda malami zai yi bayani. Amfanin ƙagaggen labari ke nan, babu wanda Sarkin Sinari yake kakansa.

Shawarata ita ce a fara da Magana Jari Ce, domin sunan littafin kansa ya riga ya ba mu dokar wasan. Mai karatu zai tuna cewa a littafi na farko Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla yadda yaron zai fita ya faɗa hannun maƙiya, Aku kuma yana riƙe shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Ga wasa nan a shirye. Masu wasa biyu zuwa huɗu su haɗa kai a matsayin Aku da mataimakansa. Katunan Waziri a kife su a tsakiya, kowane zagaye dare ɗaya ne, a buɗe makirci ɗaya. Masu wasa su tare shi da katunan labari da ke hannunsu, kowane labari da irin makircin da yake warwarewa, na kwaɗayi daban, na gaggawa daban, na yarda da baƙo daban. In sun kasa, Musa ya matsa zaure ɗaya kusa da ƙofar fada. In ya fita kafin Sarki ya dawo, kowa ya faɗi. In sun riƙe shi, kowa ya ci. Irin wannan tsari na haɗa kai an gwada shi, domin a kansa aka gina wasan littattafan Tolkien na 2011, kuma ya karɓu. Littafi na biyu, inda Aku ya yi gasar labari da wani aku ɗan'uwansa, ya dace da masu son karawa ta mutum biyu. Ganɗoki da Iliya sai su shigo daga baya a matsayin ƙari, ƙarfinsu ya zama na tsare gari da kuɓutar da wanda aka kama.

A nan ne kuma za mu ari dabarar Japanawa. Yawancin karin maganarmu ɓari biyu ne, ka faɗi na farko mai sauraro ya cika. Sai a ce katin labari ba ya aiki sai wanda ya jefa shi ya faɗi farkon karin maganar da ke kansa, abokinsa ya ƙarasa. Wani ya ce “in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta”, ɗayan ya cika. Yaron da ya yi wata uku yana wannan wasa zai riƙe karin magana fiye da wanda aka tilasta wa haddace su don jarrabawa, kuma zai nemi littafin da kansa don ya san labarin da ke bayan katin da ya cece shi jiya.

Saura babbar tambaya, wato caca. A kunnen Bahaushe karta da caca Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma Zamfara ce jihar da ta fara aiwatar da shari'ar Musulunci a fannin laifuka a watan Janairun 2000. Haramcin caca a bayyane yake a Alƙur'ani, babu mai ja. Ko wasan da babu kuɗi a cikinsa malamai sun yi magana a kai, kuma an san Imamu Malik bai so wasan shaɗaranji ba. Saboda haka wanda zai yi wannan aiki ya fara kai samfurinsa gaban malamai kafin ya kai maɗaba'a, ya saurari gyaransu a kan hotuna da kan ambaton bokaye da aljannu. Akwai kuma darasi daga waje. Wasannin karta na zamani, tun daga Magic: The Gathering da ya fito a 1993, ana sayar da katunansu ne a rufaffen ƙunshi, yaro ya biya kuɗi bai san abin da zai samu ba, ko kati mai daraja ko tarkace. Wannan kamanni da caca yana cikin dalilan da suka sa Saudiyya ta haramta katunan Pokémon a 2001. Shi kansa kamfanin da ya yi wasan littafin Martin ya bar wannan tsari a 2008, ya koma sayar da ƙunshin da kowa ya san abin da ke ciki. Namu ya zama haka tun farko: kwali ɗaya, katuna cikakku, kuma tun da dukkan masu wasa ɓangare ɗaya suke, babu wanda zai ci kuɗin wani.

Game da rubutun katin, ina da roƙo uku a matsayina na ɗalibin harshe. Na farko, a rubuta dokoki da daidaitacciyar Hausa, da ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu, domin kati ne yaro zai fi kallo fiye da allon aji. Na biyu, a bar kirari ya fito da karin harshen yankin. “Munka” da “anka” da “shina” da “yat tahi” ba kurakurai ba ne, da su Narambaɗa ya yi waƙa, kuma yaron Zurmi ya cancanci ya ga maganar kakarsa a buge. Na uku, a sa ajami tare da boko a kowane kati, don almajiri da ɗan firamare su zauna tabarma ɗaya.

Wa zai yi? Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suna da ɗalibai da malaman da za su iya ɗaukar wannan a matsayin aikin bincike, su gwada shi a makarantu kaɗan kafin a buga da yawa. Sai dai a bi ta ƙofa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya kuma tana kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, don haka dole a nemi izinin magadansa da kamfanin NNPC na Zariya da ke buga littattafan. Haka marubutan Kano masu rai, a zauna da su a yi yarjejeniya a rubuce, su ma su ci guminsu.

Idan muka yi jinkiri, wani zai yi mana, kuma ba lallai ya yi yadda muke so ba. A ƙarshen 1993 masu Magic suka fitar da ƙarin katuna da suka gina a kan Dare Dubu Da Ɗaya, littafin da kakanninmu suka karanta da Hausa tun zamanin Turawa. A cikinsu har da wani kati da suka sa wa suna Jihad, wanda sai a 2020 kamfanin ya amsa cewa cin fuska ne ya cire shi daga wasa. Shekara 27 ke nan ana wasa da shi.

Daga ƙarshe, a tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako saboda matsalar tsaro. Makonni aka yi wayoyin hannu sun zama fitila kawai, yara suna zaune a gida babu abin yi. Kwalin karta ba ya bukatar lantarki ko intanet, yana shiga aljihu, yana bin iyali har inda gudun hijira ya kai su. Ban ce zai kori ɗan bindiga ko ɗaya daga daji ba, wannan aikin hukuma ne kuma muna nan muna jiran ta. Abin da nake fata shi ne in na sake bi ta tashar Ƙaura, in tarar da yaron nan mai littafi ya matso cikin da'irar yayyensa, su suna koya masa jefa kati, shi yana gaya musu dalilin da ya sa Aku ya fi Waziri. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, amin.